Ranar da Na Yi Tsere da Jirgin Ruwa a Ƙasar Mayawa

In kun ga dama ku yarda, in kun ga dama ku ce zuƙi ne irin nawa, amma ni ɗin nan, haifaffen unguwar Tandabawi a Makka, da teɓata da furfurata, na taɓa yin tsere da jirgin ruwan da ya kusa kamo otal-otal ɗin bakin Harami a tsawo, dubban Turawa suna yi mini tafi. Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, wannan ranar ba za ta fita daga kaina ba.

Sana'ata tuƙin bas ɗin ziyara. Tun ina saurayi nake kwasar alhazai in kai su Jabalin Nur, in zaga da su Arfa da Muzdalifa da Mina, in mayar da su masauki. Na san alhaji ciki da bai. Na san wanda zai ɓace a wajen hoto da raƙumi, na san hajiyar da ba ta tuna banɗaki sai an tada mota. Kuma ina da maganinsu. In taka totur mota ta yi gurnani, in danna ham, in ɗan matsa gaba ina "yalla ya hajji", sai ka ga tsoho mai sanda ya tuna ƙuruciya. Amma ban taɓa barin kowa ba. Babu direban ziyarar da ke tafiya ya bar alhajinsa. Barazana ce kawai, duk ɗan sana'a ya sani.

To, babbar 'yarmu tana aure a Amurka. Da ta haihu muka je ganin jariri, ni da Hajiya maiɗakina. Surukin namu yaro ne mai kirki, sai dai irin mutanen nan ne da ko shayi za su sha sai sun tsara. Shi ya ce zai kai mu yawon teku gaba ɗayanmu, irin wanda ake kwanaki a cikin jirgi, yana tsayawa gari-gari ana sauka ana kallo. Jirgin nan ba jirgi ba ne, unguwa ce aka ɗora wa ruwa. Sau biyu ina ɓata tsakanin ɗakinmu da wurin cin abinci, ni da ban taɓa ɓata a Mina ba ranar jifa.

Ana gobe za mu tsaya a gaɓar Meksiko, surukin ya zaunar da mu ya ce kowa ya zaɓi inda zai je in an sauka. Na farko wai a kai mutum bakin ruwa ya kwanta a rana. Na ce ni ɗan Makka ne, rana ta san ni na san ta, ba mu da sauran magana. Na biyu wai a shiga ruwa a yi wasa da wani ƙaton kifi mai murmushi. Na ce kifin da ke yi wa mutum murmushi akwai abin da ya shirya. Na uku shi ne kufan wasu mutanen da, Mayawa, da suka yi birane da dogayen gine-ginen dutse a cikin daji, suka shuɗe suka bar su.

Tun kafin ya rufe baki Hajiya ta ce nan za ta. Na fara tsokanarta, na ce mu da dutse ke leƙo mu ta tagar kicin a unguwarmu ta Ka'akiyya, mun keto duniya don mu kalli dutse? Ba ta yi dariya ba. Ta ce tun tana yarinya take ganin mutane suna zuwa daga ko'ina su kalli garinta, baki buɗe, ita ma tana so sau ɗaya a rayuwarta ta zama mai kallo. Da na ji haka na ce halas, magana ta ƙare, Mayawa sun yi baƙi.

Inda aka samu matsala shi ne yadda za a je. Surukin ya ce jirgin yana da nasa bas, za a manna wa kowa lamba a ƙirji, a bi wani mai tuta. Nan na ce a'a. Ni da na ƙarar da rayuwata ina kallon mutane suna bin tuta kamar tumaki, a manna mini lamba? Na ce in mun sauka zan nemo direba da kaina, ido da ido. Ya yi mini bayani a hankali, ya ce in bas ɗin jirgi ya makara jirgi zai jira shi, amma wanda ya fita da kansa ya makara, shi ya sani.

"Baba, waɗannan fa ba sa jira," in ji shi.

"Yaro, ni za ka koya wa ba-sa-jira? Da ita na aurar maka da matarka."

'Yata ta kalli uwarta, uwarta ta kalli rufi. 'Yar da mijinta za su zauna a jirgi saboda jariri. Fasfo ɗinmu ma na ce a bar su a akwatin ɗaki kada su jiƙe da gumi, katin jirgi ya ishe mu.

Da safe muna fitowa na hango shi, wani gajere mai gashin baki, yana juya makullin mota a yatsa, yana yi wa fasinja kallon da mahauci ke yi wa rago. Na ce wa Hajiya wannan ɗan'uwana ne, uwa ce kawai ba ɗaya ba. Ba ya jin Larabci, ba na jin yarensu, Turancina kuwa na alhazai ne, bai wuce zo, tafi, an gama ba. Amma da na kama iska na juya kamar sitiyari na bugi ƙirjina, sai ya fashe da dariya ya rungume ni. Muka kama hanya, doguwa, daji hagu daji dama.

Zafin wurin nan daban ne. Zafin Makka gasa mutum yake yi, wannan dafawa yake. Sauron kuwa kowanne ya kai tattabarar Harami, har ina jin ɗaya yana gyaran murya kafin ya sauka. Ina cikin mita muka fito daga cikin itatuwa, sai ga abin a gabanmu. Dutse kan dutse, matakala kan matakala, yana tsukewa yana hawa har ya wuce kan bishiyoyi. Gaskiya bakina ya mutu, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ƙaramin abu ke kashe shi ba. Hajiya ta daɗe a tsaye. Can ta ce a hankali, su ma fa sun yi biki, sun yi faɗa da maƙwabta, sun yi goyo, ga shi ko sunan ɗaya ba mu sani ba. Ta yi tasbihi. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, kuma ko don wannan ban yi nadamar zuwa ba.

Muna nan sai ga 'yan jirginmu da lambobinsu a ƙirji, mai tuta yana kora su zuwa bas. Na ɗaga musu hannu cikin tausayi. Muka samu gindin bishiya muka haɗa Azahar da La'asar, ni da na girma ina jin kiran sallar Harami daga kan tabarmata, waya ce ke nuna mini alƙibla. Muna sallamewa direban ya zo yana bugun wuyan hannunsa, yana kwaikwayon kukan jirgi da baki. Na kashe masa ido, irin na ai mun san wannan. Hajiya ta ce, "Alhaji, mu tashi, 'yan tutar nan sun daɗe da tafiya." Na ce sai ta ɗauke ni hoto tukuna, daga ƙasa, yadda zan fito kamar ni na gina wurin, don 'yan majalisarmu ba sa yarda da magana sai da shaida. Hoton bai yi ba, muka sake. Bai yi ba, muka sake.

A hanyar dawowa muka zo daidai wani shago mai huluna da zuma. Na ga direban ya saci kallon shagon, ya kalli agogo, ya cije leɓe zai wuce. Nan take na gane shagon ɗan'uwansa ne, don ni ma ina da abokina mai dabino da ba na wuce shi da alhazai. Na dafa kafaɗarsa na ce ya tsaya. Ya girgiza kai, na matsa. Ai zumuncin sana'a ba wasa ba ne. Na sha ruwan kwakwa, na gaisa da matar gidan, na sayi malafar da ta kai faifan tallan goro. Hajiya ko fitowa daga mota ba ta yi ba.

Muna shigowa garin na ji ham ɗin jirgin. Jama'a, ham ɗina cewa yake yi ku zo. Wannan cewa yake yi sai wata rana. Kasuwar bakin tashar da muka bari da safe cike da mutane ta zama wayam, ana ta rufe shaguna. A nan ne na tuna fasfo ɗinmu suna can sama a akwati. Wanda ya tashi a Tandabawi ya san abin da ake nufi da mutum ba takarda. Na ga dattawa masu mutunci suna canza lungu don sun hango motar 'yan sanda. Ga ni yau zan kwana da 'yar mutane a ƙasar da ko ruwa ban iya roƙa ba.

Tsakaninmu da jirgin akwai wata gada da ta miƙe cikin teku, wallahi kamar daga Arfa zuwa Muzdalifa. A bakinta saura keke ɗaya mai kujera a gaba, wani tsoho ke tuƙawa. Ya kalli Hajiya ya gyaɗa kai, ya kalli cikina ya girgiza. Baiwar Allah nan ta haye ko waiwaye babu.

Ni kuwa na tattare jallabiya na cije gefenta da haƙori na ce ƙafa bismilla. Iska ta fizge malafar ta ba teku. Takalmi ɗaya ya ce shi a nan zai zauna. Da na ɗaga kai sai na ga duk barandar jirgin cike da mutane, hawa-hawa, suna fito suna tafi, wasu suna ɗaukata a waya. Ashe al'adarsu ce, kowa ya yi wanka ya fito ya kalli wanda za a bari. Ina gani ana kwance igiyoyi masu kaurin cinyata. A bakin ƙofa ga surukina, ƙafa ɗaya a kan matakalar shiga, yana ta yi wa wani mai fararen kaya magiya, yana nuno ni. Ban san yadda na ƙarasa ba. Na dai san ina faɗawa ciki aka ja matakalar a bayana, har na ji iskarta a dunduniya.

Na zauna a ƙasa ina haki kamar tsohon injin. 'Yata na kuka tana dariya. Surukina bai ce ai na faɗa maka ba, ruwa ya miƙo mini, shi ya sa har gobe ba na son a taɓa shi. Abin da ranar ta koya mini shi ne, duk wayonka na garinku ne, in ka sauka ƙasar wasu ka rage baki ka saurari wanda ya riga ka zuwa, ko da kai ka yanka masa ragon suna.

Amma fa a lokacin ban kai ga wannan hankalin ba. Numfashina na dawowa na hango Hajiya zaune a kujera, jikanta a cinya, mayafinta ko karkacewa bai yi ba. Na gyara zama na ce, kin gani ko, sai da na shigo suka tashi. Ta ɗago ta dube ni tun daga ƙafar da ba takalmi har sama.

"Ai tambayata suka yi ko akwai saura a baya. Ina cikin tunani 'yarka ta riga ni amsawa."