Kawu Ilu da Kaset Ɗinsa Mara Ƙarshe

Duk wanda ya zauna a layinmu na Agege ya san Kawu Ilu ba ya kai lomar tuwo baki sai ya saka kaset ɗinsa. Kaset ɗaya tak, wani tsohon fim ɗin kaboyi na 'yan wasan kwaikwayo masu yawo gari-gari a keken doki. Shekara talatin yana kallo. Ba ya jin Turanci ko kaɗan, amma duk mutanen fim ɗin ya raɗa musu suna, tsohon shugaban 'yan wasan ma Malam Tanko ya koma.

Ku tuna fa, Kawu dillalin shanu ne a kwata. Ana ruwan harsashi a fim ɗin, mu duk mun ƙame, shi shanun da ke can baya yake kallo.

"Kai! Dubi wancan bijimin, ciwon hanta ke damunsa. Turawan nan harbi suka iya, ba kiwo ba!"

Da bidiyon ya lalace muka kai kasuwar Alaba. Mai gyara ya juya shi ya ce, "Oga, dis one na museum."

"Me ya ce, Hadiza?"

"Wai sai gidan tarihi, Kawu."

"Tambaye shi, da tsohuwarsa ta tsufa can ya kai ta?"

Aka gyara kuwa.

Sai dai zaren kaset ɗin ya daɗe da tsinkewa, daidai inda Malam Tanko ya juya keke ya nufi garinsu. Kawu bai taɓa ganin ƙarshen ba.

"Ya isa gida mana," yake cewa. "Ni ma baɗi war haka ina gida Gumel."

Tun ba a haife ni ba yake faɗin baɗin nan.

Da ya kwanta ciwo na samo fim ɗin a waya, na kalli ƙarshen ni kaɗai. A hanya Malam Tanko ya mutu. Wani mai baki ya kai wa Kawu labarin na gani, ya sa aka kira ni.

"Ya isa gida?"

"Ya isa, Kawu."

"Ƙarya kike, ga ki nan kina sosa hanci."

Hawaye suka zubo mini. Ya ce, "Mutanensa sun tsaya sun binne shi?"

"Sun tsaya, dukkansu."

"To, ai shi ke nan."

A Agege muka binne shi, ranar mutanen kwata duka sun tsaya. Allah ya jiƙan Kawu, ya sauke shi a gidan da ya fi Gumel.