Fatar Awakina a Kujerar Malam

Ni ban yi boko ba. Jikata ce take rubutawa ina faɗa mata, kuma na ja mata kunne kada ta gyara mini magana. Gyara ya ishe ni a gidan nan.

To, akwai wata jar mota da maigidana Malam ya bari, Allah ya jiƙansa. Zamanin da Turawan Italiya suke aikin hanya ta wajen Dutse, shi ne direban babbansu. Da aiki ya ƙare, Baturen zai koma ƙasarsu, sai ya danƙa wa Malam makulli ya ce ya bar masa. Mota ce 'yar ƙarama, ƙasa-ƙasa kamar an danne ta da tafin hannu, kujera biyu tak, ba rufi sai wani tamfol da ake ja. Ba ta ɗaukar buhun gero, ba ta ɗaukar baƙi. Na tambayi Malam amfaninta, ya ce gudu. Na ce ina za mu da ake wannan sauri?

Ba ta yi wata a hannunsa ba ya kai ta wurin wani baduku a kasuwar Shuwarin, aka lulluɓe kujerun biyu da jar fata, irin wadda ake ɗinka gafaka da ita. Fatun awakina ne, waɗanda na zo da su daga gidanmu a Garki. Kowace Juma'a Malam yana fitar da ita, ya je masallaci, ya zaga ta Kafin Hausa ya gaida 'yan uwa, ya dawo hularsa a hannu don iska. Kwanci tashi har bayansa ya yi wa fatar kujerarsa duhu, ta lotsa ta gefe ɗaya, domin shi a karkace yake zama.

Da ya rasu aka tura ta ƙarƙashin rumfa a bayan rumbu. Zabi suka mayar da ita wurin ƙwai. Ni kuwa duk kaka, in an gama shigar da hatsi, sai in ɗebi man shanu in je in shafe kujerarsa don kada ta tsage. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ba wanda ya tambaye ni.

Ana nan, ana nan, sai ɗana na fari ya ajiye aikin gwamnati, ya rasa abin yi, idonsa ya faɗa kan motar. A nan sai na yi bayani, don 'yan yanzu ba su sani ba. Mu a tashinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta roƙonsa komai baki da baki. Ya yi furfura a gabana, amma in ina da magana, ƙanwarsa, autata, ita nake aikawa.

Ya ɗauko wani dattijon bakanike daga cikin Dutse, suka kafa sansani a rumfar. Na ɗauka sati biyu za a yi, a zuba mai, a buga fenti, shi ke nan. Ina! Sai wata kalma ta shigo gidan nan ta hana kowa sakat: asali. Mai fenti ya zo da kayansa, aka sallame shi, wai fentin da ya koɗe shi ne na asali. Ɗan nawa, mutum da jikokinsa, ya zauna yana goga shi da tsumma kamar mai yi wa jariri wanka. Gilashin fitila ɗaya ya fashe, ga sababbi a kasuwa, ya ce a'a, sai da aka jira wani tsohon gilashi daga ƙasar waje har damina ta shigo ta fita. Noti ya yi tsatsa, ba za a yar ba, sai a jiƙa shi a kananzir. A cikin me? A cikin farantaina na tangaran, waɗanda ko baƙi ba kowa nake zuba wa a ciki ba. Na aiki auta, ta dawo ta ce, wai a yi haƙuri, an kusa.

Duk wannan na haɗiye. Sai wata rana da la'asar auta ta shigo tana sosa kunne.

"Inna, Yaya ya ce gobe za a farke fatar kujerun."

"Ta yi masa me?"

"Wai ba da ita aka ƙera motar ba. Ba asali ba ce."

Na ce ta je ta ce masa ban yarda ba. Ta je ta dawo, wai ya ce za a yi a hankali. Na sake aikenta, ta dawo da irin wannan amsa. Sai na gane yarinyar nan tana zuba wa maganata ruwa a hanya, don a zauna lafiya. Ina cewa ban yarda ba, ita tana kai masa cewa Inna tana ɗan jin ba daɗi.

Da hantsi na tsaya a bayan zana ina leƙe. Bakanike ya zaro reza, ya fara da kujerar fasinja, yana bin ɗinkin baduku zare-zare. Da suka ɗaga fatar, sai ga baƙar fatar Italiya a ƙasa, sumul, ko tsaga babu. Ɗan nawa ya yi kabbara kamar an yi masa albishir ɗin haihuwa.

"Kai, Baba ya yi mana adani! Zagayo ta ɗaya ɓangaren."

Ban san lokacin da na fito ba. Na bi ta gabansu, na buɗe ƙofar direba, na zube a kujerar Malam. Gwiwoyina suka yi ƙara har bakanike ya ce sannu.

Na ce, "Kai."

Ɗan nawa ya waiga yana neman auta. Babu auta. Sai ya cire hula ya durƙusa.

"Inna, wurin nan ƙasa ne, gwiwarki."

"Gwiwata ce."

"Ai ba zubarwa za a yi ba. Za a naɗe miki ita da kyau."

"A naɗe mini in kai rumbu? Ko in yi salka da ita?"

"Inna, masu sanin irin motar nan, in suka ga an canza…"

"Sun san wanda ya tuƙa ta? Kullum asali, asali. Baturen damina biyu ya yi da ita. Mahaifinka ya yi da ita tun kana goye har ka yi aure. Wannan fatar da nake zaune a kai, ta akuyar da aka yanka ranar sunanka ce."

Ashe bai sani ba. Yaya za a yi ya sani, tunda ban taɓa gaya masa komai ba? Na matsa gaba kaɗan na ce ya kawo hannunsa. Ya sa tafinsa a lotsawar nan mai duhu, ya daɗe bai ɗauke ba. Sannan ya shinshina yatsunsa.

"Man shanu?"

"Da ka ɗauka aljanu ne suka hana ta tsagewa?"

Bakanike ya mayar da rezarsa aljihu, ya ce, "Alhaji, duk littafin motar nan da ka nuna mini, ban ga shafin da ake cire Hajiya daga kujera ba."

Haka aka bar ta. Sai dai fitowata ta zama aiki, sai da mata biyu suka kama ni suka ɗaga, bakanike ya juya baya don kunya.

Yau motar tana tashi, ƙararta har ƙofar gida ta uku. Kujera ɗaya baƙa, ɗaya ja. In ɗan nawa zai ɗauki hotonta, na lura, sai ya tsaya ta gefen da baƙar kaɗai take fitowa, kuma ya ɗauka ban gani ba. Ranar Juma'a yakan fitar da ita, ya zauna a kan fatar awakina ko yana so ko ba ya so, tunda can sitiyari yake. Ya fara karkacewa ma, irin ta mahaifinsa.

Kwanan baya ya kawo mini wata 'yar kwalba mai rubutun Turanci, da kansa, ba aike ba, wai man fata ne na musamman, in daina sa man shanu. Na karɓa na ajiye a kan taga, tana nan. Kaka ta kusa, na riga na yi wa Bafulatanar da take kawo mini nono magana.

Farantaina kuwa, guda uku har yau suna rumfa da notuna a ciki. Wannan karon ba zan aiki kowa ba.