Maiwada Tafinta da Labarin Shugaba Roosevelt

Maiwada mutumin Malumfashi ne, tarihi ya karanta a Zariya. Can ya ci karo da labarin Theodore Roosevelt, wanda ya mulki Amurka a farkon ƙarni na ashirin, tun daga nan kuwa mutumin ya zauna masa a baki. A 1983 wani kamfanin gine-gine na Riyad ya ɗauke shi tafinta, saboda yana jin Larabci da Turanci. Ya kama ɗaki biyu a unguwar Gubaira, shi da matarsa Zaituna.

Duk Juma'a bayan an sauko, Hausawan da ke leburanci a kamfanin kan taru a wurinsa su ci tuwo. Ba a watsewa sai ya ba su wani abu na Roosevelt: yadda ya tashi da ciwon asma, yadda mahaifiyarsa da matarsa suka rasu rana ɗaya, yadda mulki ya faɗo masa bayan an harbe shugaban da yake yi wa mataimaki. Wanda suka fi so shi ne na 1902, lokacin da masu haƙar kwal suka yi yajin aiki, shugaban ya tara su da masu ramukan a ɗaki ɗaya, har aka rage musu awannin aiki.

"Malam, ka rage wannan labarin," in ji Zaituna. "Nan ba gida ba ne."

Dariya kawai ya yi.

A bazarar 1986 kamfanin na gini a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Wata Talata da hantsi katakon da magina ke takawa ya karye, wani magini Bahaushe mai suna Bashari ya faɗo daga hawa na uku, ƙashin bayansa ya tsage. Washegari mutum goma sha tara suka zauna a inuwar katanga, suka ce ba mai hawa sai an canza katakon. A ƙasar kuwa yajin aiki laifi ne babba.

Kafin azahar aka kira Maiwada ofishin Abu Mish'al, mai kamfanin, wanda shi ne kafilinsu, wato mai tsaya musu a ƙasar, fasfon kowa na hannunsa. Ya tarar da Oumarou tsaye, wani dogon birkila mutumin Maraɗi da ya ja gaban zaman. Igamar Oumarou, takardar izinin zamansa, tana kan tebur.

"Ajiye taka kusa da ita," in ji Abu Mish'al.

Maiwada ya ajiye.

"An ce kana tara mutanena kana koya musu tawaye da sunan wani Ba'amurke. Wane ne shi? A wane ofishin jakadanci yake?"

"Ranka ya daɗe, ya fi shekara sittin da mutuwa. Shugabansu ne na da."

"To tambayi wannan, wa ya sa su zama?"

Maiwada ya juya tambayar da Hausa. Ya san kalma ɗaya daga Oumarou ta isa a kira 'yan sanda.

Oumarou ya ce, "Malam, gaya mishi ba wanda ya sa mu. Mu muka ɗauko Bashari daga ƙasa. In yana ganin katakon lafiya lau ne, ya hau da kanshi."

Maiwada zai iya tausasa maganar, amma ya sha ganin Abu Mish'al na tsintar Hausa jefi-jefi, kuma idonsa na kansa. Sai ya faɗa da Larabci yadda aka faɗa, bai rage komai ba.

Abu Mish'al ya ɗora hannu a kan tarho, bai ɗaga ba.

"Shi shugaban naka, me ya yi wa masu yajin? Ya ɗaure su?"

"A'a. Ya kira ɓangarorin biyu ya saurare su. Sanyi na tafe, ƙasa na bukatar kwal."

"Ni kuma gini nake da shi da zan miƙa bayan Hajji," in ji Abu Mish'al. Ya janye hannunsa daga tarhon, ya tura wa Maiwada igamarsa, ya jefa ta Oumarou cikin aljihun tebur. "Kai koma bakin aiki. In na sake jin taro a gidanka, kai da iyalinka jirgi."

Ranar Asabar aka kawo sabbin ƙarafa aka sauke katakon, mutane suka hau. Oumarou kuwa aka buga masa hatimin fita ba dawowa a fasfo.

Maiwada ne ya raka Oumarou filin jirgi, yana riƙe masa da akwatin ƙarfe. A bakin ƙofar shiga ya ce, "Da na sassauta maganar nan, wataƙila da kana nan."

"Da ka sassauta, da ban yafe maka ba," in ji Oumarou. "Ka dai riƙa leƙa Bashari."

Maiwada ya riƙe wannan. Wata biyar yana zuwa asibiti yana yi wa Bashari tafinta da likitoci, har ranar da ya miƙe da sanduna biyu. Taron Juma'a dai bai sake yi ba. A 1989 kwantiraginsa ya ƙare, kamfanin ya nemi ya sabunta, ya ce ya gode, suka tattara shi da Zaituna suka koma gida.