Ranar da Wayar Liman Ta Kalli Atamfa

Kafin in lalace, ni mai gyaran waya ne a Zongon Lome. Teburi ɗaya gare ni a ƙarƙashin rumfa, kusa da masallacin Juma'a. Kowa ya yarda da ni. Dattijo zai miƙo mini wayarsa ya wuce kasuwa, ko lambar sirri ba ya ɓoye mini.

Ina kuma ɗan yin bidiyon barkwanci ina sakawa a shafina na intanet. Masu kallo ba su wuce abokaina ba, abin yana ci mini rai. Wata rana wani abokin sana'a daga unguwar Adidogome ya nuna mini wata manhaja. In ka sa ta a waya ba a ganinta, sai ta riƙa sauke bidiyona a ɓoye tana maimaitawa, shafin kuma yana ƙirga kowace saukewa kamar mutum ne ya kalla. Na ce bari in gwada a waya ɗaya. Kai, waya ɗaya! Kafin azumi ya zagayo, duk wayar da ta hau teburina da ita take sauka, har ta Mma, mahaifiyata.

Lambar masu kallo ta yi ta hawa. Na sayi baƙin tabarau, na fara tafiya ina buɗa hannu. Jama'a kuwa sai kuka suke, forfe, wato datar da suke saya, tana ƙarewa ba dalili. Mma takan ce, "Yaro, ko gaisawa da yayarka ta Kumasi ban gama ba aka yanke." In ce mata ai kamfanin ne ɓarawo. Allah Ya yafe mini.

Daga nan na fara nuna wa 'yan kasuwa lambar, suna biyana in tallata kayansu a bidiyona. Cikinsu akwai Hajiya Rakiya mai atamfa. Ba ta yi boko ba, amma ba a yi mata wayo. Ta ce in nuna mata lokacin da aka fi kallon tallarta. Ni sarkin rawar kai na buɗe mata awa-awa.

Ta ce, "Ɗana, ka ce duk 'yan Zongo ne?"

Na ce, "Su ne, Hajiya."

Ta ɗora yatsa. "Nan fa, yaushe ne?"

"Juma'a, ƙarfe ɗaya."

Ta dube ni ta ce, "Liman yana kan mumbari, shaguna a rufe, Zongo ta yi tsit. Su wane ne suka taru suna kallon atamfata?"

Manhajar ba ta san Juma'a ba, ni kuma abin bai taɓa faɗo mini a rai ba. Hajiya ta kai wayarta wurin wani mai gyara a unguwar Agbalepedo, ya tono abin. Aka duba wayoyin unguwa, har ta liman tana ciki. 'Yan sanda suka zo, alƙali ya tura ni kaso.

Ranar da Mma ta fara kawo mini tuwo ta ce, "Ba datar ce ta dame ni ba. Ka sa na yi ta tsine wa mutanen da ba su yi mini komai ba." Na yi kuka sosai, daga ranar na tuba.

Da na fito na bi gida-gida ina neman gafara. Liman ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ashe ina huɗuba, wayata tana aljihu tana zaɓen atamfa! Je ka, na yafe."

Na mayar da teburina. Kwana uku ko mutum ɗaya bai tsaya ba. Ran na huɗu sai ga Mma ta ratso titi a gaban kowa, ta ajiye wayarta, ta ɗaga murya: "Gyara mini, zan dawo bayan la'asar." Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Washegari Hajiya ta kawo tata, ta ce in na kuma da ludayi za ta biyo ni.

Ƙannena, ku ji ni. Wayar da aka ba ku amana ce, kada ku sa mata abin da mai ita bai sani ba, ko da sau ɗaya ne. Har yanzu ina yin bidiyo, masu kallona kaɗan ne, amma duk mutane ne masu rai. Kowace Juma'a in na fito daga masallaci nakan duba masu kallon ƙarfe ɗaya a shafina. Ba kowa, sai in ce alhamdu lillahi.