Katin Tiramol a Rigar Isah

Isah ɗan Tasalla, mai keke napep a Kaura Namoda, ko sigari bai taɓa kaiwa bakinsa ba. Tun yana saurayi yake jigilar buhuna daga kasuwar hatsi, shi ke cefanen gida, shi ya sake wa mahaifiyarsu kwanon ɗaki. Ƙanensa Mujahid kuwa, wayyo! Tiramol da kodin sun mai da shi abin nuni a unguwa. Har akuyar Inna ya taɓa kwancewa ya kai kasuwar Moriki.

Ana nan sai ga masu bincike daga wata jami'a sun zo tashar keke, wai suna son sanin abin da ke jefa matasa cikin shaye-shaye. Suka tambayi Isah ko ya taɓa sha. Ya bugi ƙirji ya ce ko da wasa. Suka ce madalla, suka yi gaba. Mujahid da bai daɗe da tuba ba, shi suka zaunar a inuwa suna ɗaukar muryarsa har la'asar.

Daga nan fa likkafa ta ci gaba. Aka sa shi a kwamitin yaƙi da shaye-shaye, aka kai shi Gusau ya faɗa wa manya yadda ya kamata doka ta bi da masu sha. Ranar da aka sako shi a rediyo, Tasalla ta tara maƙwabta tana share hawaye da bakin zane. Wa ke kai ɗan kwamiti tashar mota da jakarsa? Isah mana!

Kishi ya ci Isah ya cinye. Ba kujerar Gusau ce ta dame shi ba. Abin da ke ƙona masa rai, in Inna ta idar da salla sunan Mujahid ne a bakinta, shi kuwa sai dai, "Isah, gero ya ƙare."

"Inna, ni ba a yi man addu'a?" ya tambaye ta wata rana.

"Kai mi ya same ka? Ai lafiyarka lau."

To, shi ma bari wani abu ya same shi. Ya sayi katin tiramol, ya ɓalli biyu ya jefa a kwata, ya cusa sauran a aljihun rigarsa, ya rataye ta a igiyar shanya. Da hadari ya taso Inna ta kwashe kaya. Ba a jima ba ya ji ta ƙwala masa kira. Ya tafi, wallahi har da daɗi a ransa.

Ya tarar da ita zaune dirshan, katin a tafin hannunta.

"Dubi abin da ƙanenka ya ɓoye cikin rigarka. Ya koma, Isah. Ɗana ya koma!"

"Inna, nawa ne. Ni na saya."

Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Bar rufa mashi asiri. Tashi ka kira man shi."