An Sayar Da Mu Gangaren Kogi

Lokacin da nake gadi a wani rukunin gidaje a Al Thumama, kamfaninmu ya ɗauke 'yar rumfar da muke fakewa a bakin ƙofa, wai tana ɓata kyan wurin. Ana tsakiyar zafi ne, irin zafin Doha da ko tabarau sai ya yi gumi. Aka bar mu tsaye a rana cikin baƙaƙen takalma. Ba a jima ba wani abokin aikinmu, ɗan zangon Kumasi, ya yanke jiki ya faɗi a kan kwalta, goshinsa ya fashe.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka taru a wani shagon shayi a Asian Town, muka ce dole a je a yi magana. Ba yajin aiki muka shirya ba, inuwa kawai muke nema. Muka wakilta babbanmu, ɗan unguwarmu tun a gida, wanda nake kira Yaya. Ya fi mu Larabci da Turanci, kuma shi ya tarbe ni a filin jirgi ranar da na sauka. Ya dafa ƙirji ya ce, "Ku bar min wannan. Sunan kowa ba zai fito daga bakina ba."

Ya je ofis, ya dawo sanye da farar rigar sufabaiza, da rediyon oba-oba a ƙugu. Mu da muka fi ɗaga murya a shagon shayi kuwa, aka ce mu tattara kayanmu, an mayar da mu gadin wani filin ajiye ƙarafa can bayan unguwar masana'antu, inda ko masallaci babu. Har maganar da na faɗa cikin fushi sai da manaja ya maimaita min, bai rage ko harafi ba.

A ranata ta ƙarshe a bakin ƙofar, wani dattijo mazaunin gidajen ya tsayar da motarsa. Baƙar fata ne ɗan Amurka, injiniya, kullum sai ya gaishe mu. Ya ga fuskata ya tambayi lafiya, na ba shi labari da guntun Turancina. Ya girgiza kai ya ce, "He sold you down the river." Wato ya sayar da ni gangaren kogi.

Na ce, "Yallaɓai, wane kogi? Ai ƙasar nan ba ta da kogi."

Bai yi dariya ba. Ya kashe mota ya fito cikin ranar, ya tsaya tare da ni. Ya ce a ƙasarsu akwai babban kogi, Misisipi, mai gangarawa kudu. Zamanin bauta, idan ubangida ya so kuɗi, ko bawa ya cika magana, sai ya sayar da shi ga fataken bayi, su sa shi a jirgin ruwa su gangara da shi gonakin auduga da rake, inda aiki ke cinye mutum. Matarsa da 'ya'yansa suna can baya, ba zai ƙara ganinsu ba. Sau da yawa ubangidan ya riga ya yi masa alkawarin ba zai taɓa rabuwa da shi ba. Daga nan maganar ta koma nufin wanda ka amince da shi ya ba da kai don ya samu nasa.

"Kakannina ne aka yi wa haka," in ji shi. "Yau kuma sai ka ji mutum yana faɗinta yana dariya, don ƙungiyar ƙwallo ta sallami kocinta."

Ya ƙara da cewa kada in ɗauka abin da ya same ni ya kai nasu, ni ina da fasfo da waya da ranar komawa gida. Na yarda da shi. Amma zuciyata ba ta huce ba, sai ma ƙara tafasa da ta yi. Su aƙalla bare ne ya sayar da su. Ni wanda muke cin tuwo kwano ɗaya ne.

Washegari Yaya da kansa ya zo ya tsaya a bakin motar da za ta kwashe mu, yana tafa hannu. "Yalla, yalla, ku hau!"

Na tsaya a gabansa na ce, "Yaya, har da ni?"

Ya kawar da kai ya ce ƙasa-ƙasa, "Ƙanena, ina da iyali."

"Mu kuma daga sama muka faɗo? Wanda goshinsa ya fashe, marayu ne 'ya'yansa da za ka manta da su?"

Ya ce, "Khalas, ya isa, hau mota."

Na ƙare kwantiragina a cikin ƙarafan nan, na canza kafil, wato mai ɗaukar nauyin bizata, yanzu tuƙi nake yi, ina zaune a Al Muntazah. Rumfar ba a mayar ba har na bar kamfanin. Bara a filin idi na ji an dafa kafaɗata, na juyo sai ga Yaya, ya yi ƙiba, yana miƙo hannu yana cewa a yafi juna. Na ba shi hannu saboda ranar da wurin. Da ya nemi lambata na ce masa wayar ba ta da caji, na shige cikin jama'a.