Keken da Aka Ɗora wa Talabijin

Shekara arba'in da ɗaya Tela ya yi yana taka keken ɗinki a shago guda, ƙarƙashin wani bene. Mutum ne mai taurin kai a kan layin ɗinki: in ya karkace ko yaya, sai ya farke shi, ko da mai kayan na tsaye yana huci. Da keken nan ya raini 'ya'ya mata uku bayan rasuwar uwarsu.

Wata safiya ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti, 'ya'yan suka mai da shi jariri don tsabar ƙauna. Babbar ta ba shi abinci a baki, mai bi mata ta sa masa maɓalli, Auta kuwa ta sa aka kawo keken gida, ta lulluɓe shi da zane ta ɗora talabijin a kai, wai kada ya gani ransa ya ɓaci. Ran kuwa ya ɓaci. Tsoronsa ɗaya ne, kada ya ƙare rayuwa kowa na ce masa "sannu", ba mai cewa "yaushe zan zo karɓa?"

Litinin da Alhamis ake kai shi ɗakin taron unguwa, inda wata malamar asibiti ke tara tsofaffi tana koya musu motsa gaɓoɓi. Kujerun roba a zagaye, kowa da ƙwallon da zai matsa a tafin hannu. Tela ya ajiye nasa a cinya.

"Baba, matsa mana," in ji malamar.

"'Yata, da jikoki tara za ki ba ni ƙwallo? Ai sai su ce na cinye musu."

Ba ta ja da shi ba. Ranar da ta je gidansa duba matakala da banɗaki, ta hango ƙafar keke ta leƙo daga ƙarƙashin zane. Ta sa aka sauke talabijin, ta dubi 'ya'yan.

"Ku yi haƙuri, hannuwanku sun yi yawa a jikinsa. Ku ɗan janye su."

Da fari ƙafar hagu ce ke taka keken, ta dama tana bin ta kamar baƙuwa. Zare kuwa, sai da ya yi sati uku kafin ya shiga allura, Auta na gefe ta zauna a kan tafukan hannunta don kada su miƙa kansu.

A wata na huɗu malamar ta kawo jakarta da aljihunta ya yage. Tela ya ɗinke, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ta karɓa tana murna, ta ce ya yi kyau.

Ya karɓe jakar, ya ɗaga ta wajen taga, ya ƙanƙance ido. Layin ya karkace. Ya laluba reza da hannun nan na dama, ya fara farke ɗinkin ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, ai ya isa haka," in ji Auta.

"A shagon wa?" Bai ko ɗago ba. "Malama, ki dawo Alhamis ki karɓa."

Daɗi ya cika shi har wuya, ya ɓoye shi a cikin tsaki. Malamar ta kwashe takardunta a hannu, ta tafi ba jaka.